Allon Zane Mai Sikirin a Kan Tsohuwar Laftof: Lamarin Wata Mai Zane a Kano

Asalin lamarin

Wadda wannan bayani ya shafa matashiya ce a Kano. Ta yi karatun zane a kwalejin ilimi, tana koyarwa a wata firamare da safe, da yamma kuma tana zana bangon littattafan Hausa, irin waɗanda marubuta ke sayarwa a zaurukan WhatsApp da Telegram ba tare da sun taka maɗaba'a ba. Takan zana da fensir a takarda, ta ɗauki hoton da waya, sannan ta bi layukan ta zuba launi da ɗan yatsa a manhajar ibisPaint. Bango ɗaya yakan cinye mata yammaci uku ko huɗu.

Tana da laftof ta hannu, HP EliteBook 840 G3, wadda yayanta ya saya mata a Titin Beirut tun tana makaranta. Intel Core i5 ce ta ƙarni na shida, da RAM 8GB da Windows 10, sikirinta inci 14 mai ɗigo 1366 × 768. A 2022 wata ƙawarta ta ara mata ƙaramin allon zane marar sikirin, wanda hannu ke ƙasa ido na kallon kwamfuta. Bai karɓe ta ba, ta mayar bayan wata biyu. Manhajar da ke haɗa wancan allo da kwamfuta, wadda masu gyara ke kira direba, ta ci gaba da zama a cikin laftof ɗin, ita kuwa ta manta da ita.

A Agusta 2023 wata marubuciya ta ba ta aikin littafin yara mai shafi 24, kowane shafi da zane mai launi, za a buga a takarda, ana son sa kafin ƙaramar Sallah ta 2024. Mai maɗaba'a ya ce a kawo zanen a ɗigo 300 cikin kowane inci. Shafin A4 a wannan ma'auni yana ɗaukar ɗigo 2480 × 3508. Wayarta tana buɗe irin wannan shafi, amma da ta jera shimfiɗun launi kaɗan, wato sassan zane da ake ɗorawa ɗaya a kan ɗaya, sai wayar ta fara sanƙarewa.

Satumba zuwa Oktoba 2023: zaɓe

Kuɗin da take da shi zubin adashe ne da kuɗin ƙafin alƙalamin da marubuciyar ta ba ta. Lokacin bai yi wa mai sayen kayan waje daɗi ba. Babban Bankin Najeriya ya saki naira a Yuni 2023, kuma kafin Satumba ya ƙare dala ta haura naira dubu a hannun 'yan canji na Wapa. Kowane mako da ta ƙara tana shawara, abin da ke hannunta raguwa yake. A lissafinta ba za ta wuce dala 300 ba, har da kuɗin kawowa.

Hanya uku ta duba. Ta farko iPad da manhajar Procreate, wadda yawancin masu zanen da take bi a Instagram ke amfani da ita. Ko ta hannu ce, idan an haɗa da Apple Pencil da ake saye daban, ta fi ƙarfinta. Ta biyu Samsung Galaxy Tab S6 Lite, mai inci 10.4, da ke zuwa da alƙalaminta a kwali, tana da batirinta, ba ta neman kwamfuta. Ta uku allon zane mai sikirin da ake jonawa da laftof. Irin wannan ba kwamfuta ba ne. Sikirin ne na biyu da ke jin alƙalami, duk aikin lissafi laftof ke yi. Ta zaɓi ta uku saboda tana son aiki da Krita, manhajar zane ta kyauta, a kan kwamfutar da za ta shirya shafukan ta miƙa wa maɗaba'a.

A wannan rukuni ta kwatanta huɗu. Wacom Cintiq 16 na 2019 ya fito a kan dala 650, ba ta ma tsaya a kansa ba. Wacom One mai inci 13.3 na 2020 ya fito a kan dala 400, alƙalaminsa na bambance matakan danni 4096, wato matakan ƙarfin da hannu ke danna shi. XP-Pen Artist 12 samfuri na biyu inci 11.9 ne, Huion Kamvas 13 kuma inci 13.3, dukansu da matakan danni 8192 da ɗigo 1920 × 1080. Su biyun nan gilashinsu manne yake da sikirin, don haka babu wata tazara tsakanin tsinin alƙalami da layin da ke fitowa. Alƙalumansu duka ba sa cin batir, daga allon suke samun abin da suke aiki da shi.

Ta tsaya a kan Kamvas 13, wanda ya fito a kan kusan dala 240. Filin zanensa wajen santimita 29 ne a 16.5, wato tsawon takardar A4 amma bai kai faɗinta ba. Abin da ya fi jan ta shi ne matakan danni 8192 da rubutun "120% sRGB" da ta ɗauka alamar kyawun launi ce (sRGB wani ma'aunin launukan sikirin ne). Ta kuma ga ana jona shi da wayar USB-C guda ɗaya, ta duba gefen laftof ɗinta ta ga akwai kafar USB-C. Ta ba wani mai shigo da kaya daga Legas oda, ta ƙara kuɗin wannan waya guda, ta bar matokarin allon don ta rage kashewa.

Nuwamba 2023, mako na farko: allo baƙi

Da kaya suka iso ta jona wayar USB-C. Fitilar allon ta kama, kibiya tana bin alƙalami a sikirin laftof, amma allon kansa baƙi ƙirin. Ta sauke direba daga shafin kamfanin, ta kashe ta kunna, ba abin da ya canza. Ta ɗauko ɗaya wayar mai kai uku: HDMI ɗaya mai ɗaukar hoto, USB baƙi ɗaya, USB ja ɗaya. A nan ta gano laftof ɗin ba ta da kafar HDMI ko ɗaya. Akwai wata kafa mai kama da ita, amma kan wayar ya ƙi shiga.

Yayanta ya kawo mata ɗan akwatin da ke juya VGA, wata kafar hoto da ke jikin laftof ɗin, zuwa HDMI. Hoto ya fito, sai dai dishi-dishi, rubutu da inuwa a gefensa, launuka a koɗe. VGA tsohuwar hanya ce ta analog: laftof ta juya hoton daga lambobi zuwa igiyar lantarki, akwatin ya sake juya shi zuwa lambobi, a kowane juyi ana zubar da wani abu. Ta fara zargin an aiko mata da jabu, har ta rubuta wa mai odar saƙon ƙorafi.

Kafin ta mayar da kaya, sai suka kai wa wani mai gyaran kwamfuta a Titin Beirut. Ya juya laftof ɗin ya leƙa gefenta.

"Malama, allonki lafiyarsa ƙalau. Wannan USB-C ɗin ta fulas ce da cajin waya, ba ta fitar da hoto."

"To Malam, ba duk USB-C ɗaya ba ce?"

"Rami ɗaya ne, abin da ke bayansa ne daban."

Gaskiyarsa. Kafin hoto ya bi ta USB-C sai kafar tana da abin da ake kira DisplayPort Alt Mode ko Thunderbolt, kuma yawancin laftof ɗin ofis na wancan zamani ba su da shi a wannan kafa. Wadda ta yi kama da HDMI kuwa DisplayPort ce cikakkiya. Ya ɗauko ƙaramar adafta mai juya DisplayPort zuwa HDMI, kuɗinta bai kai na buhun pure wata goma ba a lokacin, ya jona, hoto ya fito tas. Ya gargaɗe ta cewa irin wannan adafta hanya ɗaya take bi. Idan ta lalace, ta nemi mai ɗaukowa daga DisplayPort zuwa HDMI, kada a ba ta ta akasin haka.

Nuwamba 2023, mako na biyu da na uku: alƙalami

Wannan ne ya fi cin lokaci, domin matsala huɗu ce ta taru tana kama da ɗaya.

Da farko Windows ta sa sikirin biyun suna nuna abu guda, yanayin da ta kira Duplicate. A haka dole su yi tarayya a yawan ɗigo, sai allon mai 1920 × 1080 ya sauko zuwa 1366 × 768 na laftof. Layi ya riƙa fitowa da tsani-tsani. Danna maɓallin Windows tare da P da zaɓen Extend ya raba su, kowane ya koma yawan ɗigonsa. Amma tana yin haka sai alƙalami ya koma jan kibiya a sikirin laftof alhali tsininsa na kan allo. Wannan a cikin direba ake gyara shi, a wajen da ake nuna wa alƙalami sikirin da zai yi aiki a kai.

Bayan nan ga layi yana fitowa a kan allo, amma kauri ɗaya ko ta danna ko ta sassauta. Ta shafe kwanaki tana sauya buroshi a Krita, tana tsammanin a can laifin yake. Ta cire Krita ta sake sawa. Ta cire direba ta sake sawa, danni ya dawo na yini ɗaya, washegari ya ɓace. Abin da ya warware mata shi ne ɗan gwajin allo da ke cikin saitin Krita, wanda ke nuna lambar dannin da manhajar ke karɓa daga alƙalami. Lambar ba ta motsi, wato saƙon ba ya ma isowa. Da ta buɗe jerin manhajojin da ke kwamfutar sai ga direban allon aro na 2022 zaune. Direbobin alluna daban-daban suna dogara da hanya guda mai suna WinTab, wadda ke nan tun farkon shekarun 1990, kuma kowanne yana ajiye fayilinsa da suna iri ɗaya a cikin Windows. Shi ya sa kamfanonin kansu ke cewa a cire na wani kafin a sa nasu. Ta cire duka biyun, ta kashe kwamfuta ta kunna, sannan ta sa sabon kaɗai. Danni ya zauna daga ranar.

Saura gocewa. A tsakiyar allo layi yana fita daidai ƙarƙashin tsini, amma tana matsawa gefen dama sai ya goce da kusan faɗin yatsa. Ta yi gwajin daidaitawa na direba, inda ake taɓa alamomi a kusurwoyi, har sau da dama. Bai yi magani ba, don ba a allon matsalar take ba. Windows ta bar girman rubutun laftof a kashi 100, ta ɗaga na allon zuwa kashi 150, sai lissafin wuri ya rikice tsakanin sikirin biyu masu ma'auni daban. Abu biyu ta yi: ta mai da allon zane babban sikirin a saitin Windows, sannan a cikin Krita ta sauya daga WinTab zuwa hanyar Windows Ink, ta kunna ta a direba ma. Gocewar ta tafi.

Windows Ink ta zo da nata hali. Idan ta ajiye tsini ta ɗan dakata, sai wani zobe ya zagaye shi, kwamfuta ta ɗauka danna-dama take nufi. An kashe wannan a saitin alƙalami na Control Panel. Daga ƙarshe ta gyara lanƙwasar danni a direba, domin hannunta na fensir ne, mai sauƙi, kuma kafin gyaran sai ta danna da ƙarfi layi ke yin kauri.

Disamba 2023 zuwa Janairu 2024: wuta da ƙura

Da akwai wuta komai lafiya. Ana ɗaukewa, laftof ta koma kan batir, sai allon ya fara ƙyaftawa, wani lokaci ya mutu ya dawo. Kan USB baƙi kaɗai ta jona, jan ta bar shi yana lilo, don ba ta san amfaninsa ba. Allon yana neman har amfiya 2 a kan bolt 5, kafar USB 3.0 kuwa abin da aka tsara ta bayar 0.9 ne. Jan kan na ƙarin wuta ne. Ta fara jona shi a ɗaya kafar laftof: ƙyaftawa ta ragu, amma tsohon batir da da yake kai awa biyu ya koma mutuwa cikin ƙasa da awa ɗaya. Da ta jona shi a fawa-bankin wayarta mai 20,000mAh, allon ya daina shan batirin laftof, ƙyaftawa ta ƙare, lokacin aiki babu wuta ya koma wajen awa ɗaya da rabi. A Janairu ta sauya batirin laftof ɗin, ta kuma ƙara RAM zuwa 16GB, saboda shafukan A4 masu shimfiɗu da yawa suna sa buroshi ya riƙa bin alƙalami a baya. Ƙarin RAM ya rage jinkirin, bai kawar da shi ba a manyan buroshi.

Hunturu ya kawo ƙura. Fuskar allon tana da siririyar leda mai hana ƙyalli, kuma ƙwayar ƙura ɗaya da ta shiga ƙarƙashin tsini ta isa ta ja zane a kanta. Kafin ta farga ledar ta samu 'yan ƙananan karce a inda ta fi yin aiki. Gilashin da ke ƙasa bai taɓu ba. Daga nan ta riƙa goge allon da ƙyalle mai laushi kafin ta fara, tana rufe shi da ɗankwali idan ta gama, ta kuma sauya tsinin da ya fara yin kaifi a gefe da ɗaya daga waɗanda suka zo a kwali.

Wuyanta ma ya yi ƙorafi, tunda a kwance allon yake a tebur. Kafintan unguwa ya yi mata matokarin katako mai ɗan gangare, wajen digiri 20, da ɗan baki a ƙasa don kada allon ya zame.

Fabrairu 2024: gwajin maɗaba'a

Ta kai shafi huɗu aka buga gwaji. Yaran da ke cikin littafin, waɗanda a allonta fatarsu ke da kyakkyawan launin ƙasa mai ɗumi, sun fito da toka-toka, inuwar fuskokinsu ta cushe ta zama baƙi. Shuɗin rigar makaranta ya karkata zuwa shunayya.

Mai maɗaba'a ya ce, "Hajiya, abin da kika kawo shi inji ya buga. Gilashi haske yake fitarwa, takarda kuwa ba ta da fitila."

Dalili uku ne. Na farko, an ƙure hasken allon, don haka abin da take gani da haske a fayil duhu ne. Na biyu shi ne wancan 120% sRGB: allon yana iya nuna launuka masu ƙarfi fiye da ma'aunin sRGB, kuma idan ba a daidaita shi ba yakan ƙara wa ja ƙarfi. Tana ganin fata ta yi ja da yawa sai ta rage, alhali a fayil babu wannan jan, ta rage abin da babu. Wannan ya fi yi wa baƙar fata illa, domin ɗan jan nan ne ke raba launin ƙasa mai rai da launin toka. Na uku, inji yana bugawa da tawada huɗu, CMYK, kuma akwai shuɗi mai ƙarfi da tawada ba ta iya kai wa gare shi.

Ta fara gwada daidaita allon da wayarta, tana ɗora su gefe da gefe. Bai yi ba, don wayar ma tana ƙawata launi irin nata. Na'urar auna launin sikirin ta haura dala ɗari, ba ta cikin lissafi. Abin da ya yi aiki shafi ɗaya ne: ta jera murabba'ai 40 na launukan fata da na tufafi da na sama, kowanne da lambarsa a ƙasa, aka buga mata a kan injin da takardar da za a buga littafin. Ta manna takardar a bango kusa da taga. Daga nan launi daga takarda take zaɓa, ta rubuta lambarsa a Krita, ko da a allo ya yi mata ja. Ta sauke hasken allon zuwa wajen rabi, har farinsa ya yi kusa da farin takarda a ɗakin. Ta kuma riƙa danna Ctrl da Y a Krita, wanda ke nuna kwatankwacin yadda shafi zai fito a CMYK. Gwaji na biyu a ƙarshen wata ya samu karɓuwa wurin marubuciyar. Shafi tara da ta riga ta gama sai da ta sake musu launi.

Maris zuwa Afrilu 2024: sakamako

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, ga zafin bazara. Ta mai da aikinta bayan sallar tarawihi da bayan sahur, lokacin da laftof ba ta ɗaukar zafi. Gumi yana sa gefen hannu ya riƙa maƙalewa a allo, sai ta fara sa safar hannu mai yatsa biyu. Ta miƙa shafi 24 ana saura mako guda Sallah, wadda aka yi ranar 10 ga Afrilu. Bangon littafi da da yake cin yammaci uku ko huɗu yanzu ɗaya da rabi yake ci. Kuɗin da ta ƙara bayan sayen allo, na adafta da batir da RAM da matokari da gwajin bugu biyu, ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin allon. Wayar USB-C da ta saya daban ba ta yi amfani da ita ba.

Abin da lamarin ya nuna

A ganina allon da ta zaɓa ya dace da aikinta, amma ba don dalilan da ta zaɓe shi ba. Matakan danni 8192 ba su taka wata rawa ba. Buroshin da iyakar kaurinsa ɗigo 50 ne ba zai nuna kauri dubu takwas ba, da 4096 ma hannunta ba zai ji bambanci ba. Gyaran lanƙwasar danni na minti biyar ya fi wannan lamba tasiri a layinta. Rubutun 120% kuwa shi ne ma ya jawo mata sake launin shafi tara. Abin da ya amfane ta a zahiri shi ne mannewar gilashi da girman inci 13, wanda tebur ɗinta ya ɗauka kuma fawa-banki ya iya riƙewa. Manyan alluna na inci 22 da 24 sai da wutar soket, da ana ɗauke wuta aiki ya tsaya.

Makonni uku na Nuwamba duk a laftof suka tafi: kafar da ba ta fitar da hoto, direban da aka manta, ma'aunin sikirin biyu da ya saɓa. Da ta kai laftof ɗin wurin mai gyara kafin ta ba da oda, da tambaya ɗaya ta isa, wato ta wace kafa hoto ke fita. Haka shafin murabba'an launi, da a Disamba aka buga shi kafin ta fara zuba launi, da bai ci mata komai ba sai kuɗin takarda ɗaya.

Ban ga cewa Galaxy Tab ɗin da ta bari mummunan zaɓi ba ne. Ga mai zana bangon da a waya kawai za a kalla, a unguwar da wuta ba ta zama, na'ura mai batirinta da ba ta neman waya mai kai uku da direba ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma Krita ma tana da samfurin Android. Littafin bugu mai manyan shafuka da kasancewar tana da laftof a hannu su suka rinjayar da lissafi zuwa allon jonawa. Laftof ɗin ce kuma za ta fara gajiya: Core i5 na ƙarni na shida ba ya cikin jerin da Microsoft ta amince wa Windows 11, tallafin Windows 10 kuma ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025. Ranar da za ta sauya kwamfuta, allon zai bi ta zuwa sabuwar, kuma idan ta samu mai USB-C da ke fitar da hoto, wayar da ke ajiye a kwali tun Nuwamba 2023 za ta maye gurbin adafta da wayar mai kai uku.